Inda Gwaggo Ke Jiƙa Rogo

Ni mutum ne mai ƙyama, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Ba na shan ruwa a kofin da wani ya ajiye, ba na sayen tsire sai na ga inda mai tsiren yake wanke hannu. Maman yara takan ce da ana wanke iska, da na sa an wanke kafin in shaƙa. Abu ɗaya ne nake ci ido rufe, ba tambaya ba bincike, shi ne tuwon alabon Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Tana zaune a ƙauyenmu, gaba da Gidan Kwano kaɗan, in ka sauka daga titin Bida. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, idanunta kuma sun dusashe, sai mutum ya yi magana take gane shi. Amma duk shekara da ruwa ya ɗauke sai ta tono rogonta, ta fere, ta jiƙa a rafi, ta shanya a kan fa, ta kai niƙa, ta cika buhu da garin alabo. Sannan ta hau mota ta kawo mana Ketaren Gwari, unguwarmu a Minna. Daga bakin titi zuwa ƙofar gida ba ta yarda kowa ya karɓe ta. A kafaɗa take ɗauko shi, yadda matanmu na Gbagyi suke ɗaukar kaya, ta shigo tana haki tana dariya, ta dire a tsakar gida ta ce, "Ga naku."

Wannan zuwan shi ne shekararta. Takan zauna da mu har sai ta gaji don kanta, 'ya'yana mata biyu su koma kwana a ɗakinta, ta yi ta musu da mai karanta labarai a talabijin, ta yi wa maman yara gyaran miya ba a tambaye ta ba. Sauran watannin kuwa, a ƙauye take ita kaɗai tana jiran rogo ya ƙosa. Ba ta taɓa taka gidana ba sai da buhun nan, ko da rana ɗaya.

Ni kuma bakina bai bar ni ba. Duk baƙon da ya ci tuwo a gidana sai ya sha bayani. In ce masa wannan ba irin na kasuwa ba ne da ake bazawa a gefen kwalta, tirela ta yi masa hayaƙi, akuya ta bi ta kai. Wannan a rafin garinmu aka jiƙa shi, ruwan da kake hango yashin ƙasansa. Daga nan sai in zarce da labarin rafin, da inuwar gora, da kifayen da muke kamawa da riga muna yara. Na yi ta maimaitawa har babbar 'yata, wadda ta shiga sakandare bakinta ya buɗe, ta ce mini wata rana, "Baba, wai rafin nan naka akwai shi da gaske, ko irin na tatsuniya ne?"

Maganar ta tsaya mini a rai. Gaskiya na daɗe ban bi bakin rafin ba, don in na je gaida Gwaggo ta hanyar mota nake shiga har ƙofar gida in fito. Sai na yanke shawara ranar wata Asabar a farkon rani za mu je mu duka. Za mu ajiye mota a gadar da ke kan titi, mu bi rafin a ƙafa har ƙauye, mu yi wa Gwaggo ba-zata. Hanya ce miƙaƙƙiya, ba tudu ba kwari, ko autarmu da ba ta daɗe da shiga firamare ba za ta iya. Daren jajiberin ma ragowar alabon bara maman yara ta tuƙa mana, na ci har na yi ƙari.

Da muka sauka ƙarƙashin gadar, abin da ya fara tarbarmu ledar ruwa ce. Ba ɗaya ba, ba tuli ɗaya ba, ta lulluɓe gaɓar baki ɗaya, ta maƙale a saiwoyi, ta rataye a rassan da ambaliya ta kai. Na ce wa yara kada su damu, bakin titi ne, matafiya ne ke jefarwa, in mun yi gaba za su gani. Maman yara ta dai ɗage zaninta sama kaɗan.

Hanyar kam tana nan yadda na san ta, wannan ban yi ƙarya ba. Inuwar mangwaro, ɗorawa nan da can, gora ta sunkuyo kan ruwa. Auta ta ga wani tsuntsu shuɗi ta bi shi da gudu tana ihu. Na ɗan ji daɗi, har na fara nuna musu inda muke tsalle mu faɗa ruwa. Ina cikin nunawa babbar ta ce, "Baba, ga kifinka can." Na duba. Famfas ɗin jarirai ne, ya sha ruwa ya kumbura, yana juyawa a hankali a tsakiyar rafin. Bayansa akwai wani, bayan wannan akwai wasu. Na yi tsaki na ce mu wuce.

Ta ɗaya gefen, inda a da gonakin dawa ne, yanzu bayan gine-gine ne a jere. Gidajen haya ne na ɗaliban jami'ar da ke Gidan Kwano, masu hawa biyu, fenti sabo fil, kowanne da tankin ruwa a sama. Fuskarsu na kallon titi, bayansu na kallon rafi, kuma duk abin da ba a so a gani ta baya ake fitar da shi. Robobin abinci, kwalabe, tsummokara, gashin kanti da aka tsefe aka yar, mataccen kare da aka jawo aka bari. Ƙudaje kore sun taso mana. Na zaro hankici na toshe hanci, ina tafe ina ɗaga ƙafa ina kallon inda zan taka, ni da na zo nuna wa 'ya'yana garinmu.

Sai wari ya canza. Wanda ya san warin masai ba sai an gaya masa ba. Muka sha wata 'yar kwana, sai ga bututun roba fari ya fito daga ƙarƙashin katangar wani gida, ya miƙo bakinsa kan rafin. Baƙin ruwa mai kauri yana tsiyayowa a hankali, da kumfa a inda yake zuba. Ƙasan wurin ya yi baƙi ƙirin, ciyawar gefen kuma ta yi kore shar, ta fi ko'ina kyau. Wato mai gidan ya iya sa tayil a bango, ya iya sa ƙofar ƙarfe mai ado, amma haƙa ramin da zai riƙe ƙazantar 'yan hayarsa ne ya gagare shi. Ya haɗa bayin gida guda ya juyo da shi cikin ruwan da kakannina suka sha.

Na tofar da yawu, na sake tofarwa, bakina bai daina tara wani ba. Auta ta tambaya, "Baba, mene ne wannan?" Maman yara ta ja hannunta ta ce, "Ruwan wanki ne, wuce mu tafi." Babbar ta dube ni, wannan karon ba ta yi tsokana ba. Ni kuwa faɗa nake yi da katanga. Na ce Allah ya isa, na ce wannan ba mutum ba ne, na ce da ni ne hukuma da na sa ya sha kofi ɗaya a gaban jama'a. Babu wanda ya leƙo. Waƙa ce kawai ke tashi daga wata taga.

Har zuwa nan haushin rafin kawai nake ji. Wallahi ban haɗa abin da komai ba. Sai da muka ƙara gaba, ruwan ya ɗan washe a ido, gine-ginen suka ƙare, na hango faffaɗan dutsen da matan ƙauyenmu suke jiƙa rogo a gindinsa. Ina yaro wurin cike yake da mata da buhuna da hira. Ranar mutum ɗaya ce, tsohuwa, tsaye cikin ruwa har gwiwa, ta sunkuya tana gyara duwatsun da ta danne buhunanta da su.

Na tsaya. Na juya na kalli inda muka fito, na kalli inda ruwan yake tafiya. Rafi ɗaya ne, ba reshe, ba wani da ya shigo ya haɗu da shi.

"Wa ke nan?" in ji Gwaggo, ta ɗago tana kare ido da hannu.

Auta ta ruga tana kiran Kaka. Gwaggo ta saki ihu, ta fito daga ruwan ta rungume ta da jiƙaƙƙun hannuwa, ta shafa mata fuska da su. Na ga ruwan yana gangarowa a kumatun yarinyar, na rintse ido. Ta lalubi babbar ita ma. "Kai, yarinya ya girma! Ya fi uwar tsawo!" Haka Hausarta take, kowa namiji ne a bakinta. Ta yi mana faɗan rashin aiko da saƙo, ta ce da ta sani da ta sa an kama kaza.

Sannan ta ja ni gindin dutsen don in ga aiki. Ta kwance bakin buhu ɗaya, ta zaro rogo fari da ya yi laushi, ta dama shi a tafin hannuna. "Taɓa ka ji. Ya nuna. Naku ne wannan, duka."

Rogon da aka jiƙa yana da nasa warin, tsami mai ƙarfi da ke cika wuri, har ka ji shi a tufafinka bayan ka tafi. A wurin mai jiƙa, wannan warin shi ne alamar aiki ya yi kyau. Gwaggo ta shekara da shekaru tana shaƙar sa. Idan wani wari ya shigo ya gauraya da shi, ta ina za ta raba? Ido ba ya gani, gwiwa kuma ta daɗe da hana ta wuce dutsen nan zuwa sama.

Na ce, "Gwaggo, ina sauran mata?"

Ta taɓe baki. "Raggaye. Sun koma duro. Su zuba ruwan famfo a roba, su jiƙa a tsakar gida, gari ya fito yana warin roba. Sun ce ni ma in dawo duro, wai rafi ba kyau. Na ce uwata a nan ya jiƙa, ni ma a nan." Ta yi dariya, ta rage murya kamar mai ba ni sirri. "Kuma ruwan nan ya ƙara albarka shekarun nan. Da sai ka jira ka gaji kafin rogo ya yi laushi. Yanzu kafin ka juya ya nuna."

Maman yara ta juya baya ta yi kamar tana gyara ɗankwali. Ni kuwa rogon yana hannuna, ya narke yana bin tsakanin yatsuna, na rasa inda zan goge. Tuwon jiya ya faɗo mini a rai. Na tuna baƙin da na cika wa ciki na cika wa kunne, na tuna kunun alabon da aka dama wa auta lokacin yaye.

A hanyar shiga gari maman yara ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Malam, kada ka ce komai yau. Ka bari mu koma mu yi shawara." Na gyaɗa kai. Niyyata ke nan har ga Allah.

Amma Gwaggo ba ta barin baƙo ya tafi da yunwa. Tana da garin farko da ta riga ta niƙo, ta ce sai mun ɗanɗana na bana kafin ya iso Minna. Ta hana maman yara taɓa muciya. Ta tuƙa da kanta, ta kaɗa miyar kuɓewa busasshiya, ta jere mana kwanuka a kan tabarma a inuwar rumbu, ta zauna gefe a kan kujerar tsuguno tana murmushi, ta karkato kunne wajenmu.

Tuwon ya yi kyau, abin haushin ke nan. Fari, sulɓi, yana tururi. Na wanke hannu na daɗe ina wankewa. Na gutsura, na mulmula, na tsoma a miya, na kawo bakina. Bututun nan ya tsaya mini a ido. Hannuna ya ƙi ƙarasawa. Yaran sun zuba mini ido, babu wadda ta taɓa nata. Maman yara ce kaɗai ta yi bisimilla ta kai loma, ta haɗiye, ta kai ta biyu, idonta ya kawo ruwa. Ban taɓa ganin girmanta kamar ranar ba, kuma ban iya yin abin da ta yi ba.

"Hannu ɗaya nake ji a kwano," in ji Gwaggo. "Sauran fa?"

Ta ƙara karkato kunne.

"Gishiri ne ya yi yawa?"

Da na ce mata cikina ne ke ciwo, da ta yarda. To buhunan da ke cikin ruwa fa? Za su bushe, a niƙa, ta ɗauko a kafaɗa ta dire a gidana, mu karɓa da godiya mu zubar a ɓoye, ita kuma ta ci gaba da cin nata. Na ajiye lomar a gefen kwano. Na koma yarenmu, wanda ba na iya dogon zance da shi, don kada yara su ji komai. Na gaya mata abin da muka gani, da inda yake, da abin da ke fitowa daga ciki. Ban ƙawata ba, don kalmomin da na sani ba su kai na ƙawatawa ba.

Murmushin bai tafi nan take ba, ya ɗan tsaya a fuskarta. Can ta ce, "Kai dama tun kana yaro ƙyama gare ka." Na ce haka ne. Ta ce, "Kai ni."

Na ce da nisa, gwiwarta ba za ta iya ba. Ta riga ta miƙe tana laluben sandarta.

Muka bar su a gida, muka kama bakin rafi ni da ita, hannunta a kafaɗata. Tafiyar da auta ta yi da tsalle-tsalle, Gwaggo ta yi ta da hutu a gindin kusan kowace bishiya. Da muka wuce dutsen, warin rogo ya ragu a bayanmu, na ga hancinta ya fara motsi. Da muka sha kwanar ta tsaya cak, ta ji ƙarar tsiyayar. Ta saki kafaɗata, ta taka da sanda har bakin wurin. Na ce, "Gwaggo, kada ki taɓa!" Ta sunkuya ta tara hannu a ƙarƙashin bututun, ta kawo hancinta.

Na kau da kai, amai ya zo mini na yi shi a cikin ciyawa. Ita ko tari ba ta yi ba. Ta tsaya da hannun a buɗe, nesa da zaninta.

"Tun yaushe?"

Na ce ban sani ba. Ginin dai ba na bana ba ne.

"Na bara ma ke nan. Da kunun da ƙaramin ya sha."

Na zuba mata ruwan gorar da ke hannuna ta wanke, na zuba har ya ƙare, ba ta daina murza yatsun ba.

Da muka dawo dutsen ta ce in jira. Ta shiga ruwan, ta ture duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta kwance buhunan ta zazzage. Rogon shekara guda ya bi ruwa fari fat, yana tarwatsewa. Na ce ta bari a ba dabbobi ko a yi wani abu da shi, ba ta ko juyo ba. Ta fito ta zauna a kan dutsen, ƙafafunta na ɗigar ruwa.

Na tsuguna a gabanta na yi ta zuba. Na ce zan kawo mata duro sabo, ba ɗaya ba. Na ce zan kai ƙarar mai gidan duk inda ake kaiwa. Na ce akwai sauran rogo a gonar maƙwabta, a saya a jiƙa a gida, wa zai gane bambanci? Ta bar ni na gama.

"To bana da me zan zo muku?"

"Ki zo haka, Gwaggo. Ke muke so, ba gari ba."

Ta juyo da dusassun idanunta wajen muryata. "In na zo haka, ci kawai na zo yi."

Na kai duron. Ƙarar ma na kai, aka ce za a duba, har yau ana dubawa. Lokacin zuwanta ya yi, yara suka share ɗakinta suka shimfiɗa sabon zanin gado, lokacin ya wuce. Na aika a ɗauko ta, ta ce a gaishe mu. Shekara ta juyo, ba ta ko dasa rogo ba.

Yanzu mu ne muke zuwa, ta hanyar mota. Tana murna da mu, tana laluben kan yaran ta ce sun girma. In lokacin abinci ya yi sai ta aika a kira matar maƙwabci ta dafa mana shinkafa. Ita kuma ta ja kujerarta can nesa da murhu ta zauna, ta naɗe hannuwanta a cikin zani har mu gama ci.